Furar Gwaggo da Kofin Baƙi

Duk shekara idan sanyin Lyon ya fara janyewa, itatuwan bakin kogi suka soma toho, sai hancina ya ɓalle. Majina, atishawa, jiki kamar an aza mini buhun gero. Wata abokiyar aikina ce ta ce Indiyawa sun daɗe da gano bakin zaren, ilimin ma sunansa Ayurveda. A wannan tsakani, in ji ta, a bar nono da kayan sanyi, a riƙa kurɓar ruwan zafi da citta da kanumfari da masoro. Kwana uku kacal na yi ina bi, na zama shehi. Har fulas na saya ina yawo da shi a hammata.

Ran Asabar na hau jirgin ƙasa zuwa Paris gaida Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni a Montreuil shekarar da na iso ƙasar ban san kowa ba. In zan zo, tun Alhamis take jan ƙafarta mai ciwo zuwa kasuwar Château Rouge ta sayo gero. Bisa bargo ninki huɗu take ɗora turmi, don kada maƙwabcin da ke hawan ƙasa ya bugo mata rufin ɗakinsa da sandar tsintsiya. Ta dama fura, ta miƙo mini da hannu biyu.

Na ture kwanon. Ni, da hannun nan nawa. Na ɗora da wa'azi a kan nono da majina, har na buɗe fulas na kai mata hanci.

"Citta, kanumfari, masoro," ta ce. "To ɗan nan, me kake zaton ina sa wa furar? Ƙasa?"

Ta rufe kwanon da faifai.

Zuwana na gaba sai na ji, "Sannu da zuwa, likita." Aka ajiye mini ruwan zafi a kofin baƙi mai zanen zinariya. Na gabansa ma haka. Zafin Yuli ya shigo, jikokinta na shan fura da ƙanƙara a gabana, ni ina hura kofi ina zufa. Furar kam zan iya haƙuri da ita. Amma a gidan nan ba a taɓa ba ni kofin baƙi ba, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Atishawar ma ba ta fasa ba, sai da lokacinta ya yi ta wuce don kanta.

Daga ƙarshe na sauka Château Rouge na sayi gero, na je na durƙusa a ƙofar kicin.

"Gwaggo, na tuba."

"Ba dai tuban muzuru ba?"

Ta dube ni, ta dubi geron. Ta ninke bargo da kanta, ta miƙo mini taɓarya.

"A hankali, mutumin ƙasa yana nan."

Na yi daka har tafin hannuna ya yi bororo. Ta dama, ta miƙa hannu can bayan tukwane, ta ciro tsohon kwanona mai lotsattsen baki. Ko ƙura babu a jikinsa.