Mai Shuka Kanumfari

A tashar jirgin ƙasa ta Lafia, na ga wani tsoho yana tsugune gaban gwangwanin madara cike da ƙasa. Rigarsa ta yi masa yawa, wuyansa kamar sillen kara. Yana tsoma yatsa cikin ruwan shansa, yana ɗiga wa ƙasar.

"Baba Salmanu, kanumfarin kasuwa ba ya tsirowa, busasshe ne," in ji wata mai doya. "Ko jirgin nan da aka gaji da jira zai riga shi zuwa!"

"'Yar nan, a haɓar zanen mai ɗakina na kwance shi, ranar da muka binne ta."

Ina zaton ya san gaskiyar mai doya. Amma in ƙasar nan ta bushe, ba shi da sauran wanda zai ba ruwa da safe.