Yawan Abba a Dakusa

Falmata Bukar shekararta arba'in da ɗaya, kuma ita ce mai kula da na'urorin wata ƙungiyar manoma a Damagaram. A unguwar Birni aka haife ta, a unguwar Kara-Kara take zaune. Abokan aikinta sun san ta da hali ɗaya: ba ta yarda da bayanin da kowa ya yi saurin amincewa da shi.

Sunayen manoman ƙungiyar a rarrabe suke, wasu a na'urar Damagaram, wasu a ta Dakusa. In an nemi wani bayani, manhajar da ke haɗa na'urorin biyu ce ke tsara hanyar da za ta bi ta tattaro amsa, bisa ƙiyasinta na yawan abin da za ta tarar.

Bana, ana dab da rabon irin gero, neman sunan mutum a Dakusa ya koma ɗaukar minti arba'in, wani lokaci ma ya katse. A biro, wato ofishin ƙungiyar, aka ce Suma'ila ne, wakilin can, yake kashe na'ura don ya sa wayoyin mutane caji a wutar sola. Darakta har ya rubuta takardar sallamarsa.

Falmata ba ta wanke Suma'ila ba, don ta taɓa ganin wayoyi shida jere a teburinsa. Amma ta lura wasu sunayen suna fitowa nan take, wasu kuwa su maƙale. Na'urar da aka kashe ba ta zaɓen suna.

Sai ta buɗe tsarin da manhajar ta yi wa kanta. Ashe manhajar ta ɗauka kowane suna bai wuce mutum goma ba, saboda haka take tambayar Dakusa mutum ɗaya-ɗaya. Masu suna Abba kuwa a rajistar sun haura dubu biyu. Tambaya dubu biyu ke nan kan rezo, wato layin sadarwa, mai rauni. Falmata ta sa manhajar ta sake ƙirga sunayen. Daga nan manhajar ta koma aika tambayar dunƙule, Dakusa ta tace, amsa ta dawo cikin daƙiƙa tara.

Falmata ta nuna wa darakta tsohuwar hanyar da sabuwar a allon na'ura. Ya daɗe yana kallon allon.

"Madam Falmata, wato yanzu laifin su Abba ne?"

"Laifin wanda ya ƙera ta ne, ranka ya daɗe. Bai taɓa zuwa suna a Dakusa ba."

Ya yi dariya, ya ce zai duba. Takardar sallamar kuwa bai yaga ta ba, cikin durowa ya tura ta, kuma Falmata ta gani. Ta kuma san akwai wani Hamisu, ɗan'uwan daraktan, da ke yawan tambaya game da aikin Dakusa.

Ranar Alhamis da ta wuce Falmata ta hau mota zuwa Dakusa. Ta kwashe wayoyin da ke teburin Suma'ila ta miƙa masa su a leda, sannan ta saita na'urar ta riƙa rubuta lokacin kunna ta da na kashe ta, tana aiko mata kowace safiya, don ta samu hujja in an sake zargin Suma'ila.