Burtalin Babana

A jami'a, sashen koyon sadarwa kan muhalli, muna da wani malami mai son muhawara kamar ransa. Mushe muke ce masa, wato "monsieur" na Faransanci. Al'adarsa ita ce ya rubuta "e" da "a'a" a 'yan takardu, ya zuba a hularsa, kowa ya zari ɗaya. Abin da ka zara shi za ka kare, ko kana so ko ba ka so. Wai haka ake wasa harshe kafin a fita kare daji da itatuwa.

Ranar da aka kawo zancen burtali, hanyar dabbobi tsakanin gonaki, sai na zaro ɓangaren masu cewa a nome shi. Ni fa, ɗan makiyayi daga Dakoro, wanda shanun ubansa ba su da hanyar rijiya sai burtali ɗaya, shi ma wani maƙwabcinmu yana cinsa kaɗan-kaɗan kowace damina. Na roƙi mushe ya sauya mini. Ya ce doka doka ce.

To, na tashi na zuba, kuma da Hausa, don mushe ya ce talakawa za mu je yi wa magana. Bakina bai taɓa daɗi irin na ranar ba. Na ce mutane sun ƙaru, ƙasa ba ta ƙaru ba, hatsi ya fi kofato. Aka yi ta tafi. Wani ɗan ajinmu, Allah ya shirye shi, ya ɗauka a waya ya watsa.

Maganar ta riga ni zuwa gida. Maƙwabcin ya kunna ta gaban mai gari ranar da ake sauraron ƙarar da Baba ya kai shi kan burtalin, ya ce ga shi ɗansa ma mai ilimi ya faɗa. Aka bar masa inda ya shuka.

Da hutu na iske Baba ya kai wasu shanun kasuwar Kornaka, sauran suna dogon zagaye kafin su sha ruwa, duk sun rame. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe, cewa ƙuri'a ce, darasi ne, ba ra'ayina ba. Baƙin cikin ranar har yau bai sake ni ba.

Na ce, "Baba, bar ni in je gaban mai gari in warware."

Yana tufkar igiyarsa ya amsa mini.

"Na ji muryarka, yaro. Ka iya magana, ba laihi. Amma nan wajenmu magana zarar bunu ce. Wa zai yarda da bakin da ya hwaɗi biyu?"

Bana hatsi ne tun daga bakin garkenmu har rijiya.