Mai Makulli da Tagwayen Yayata

A jami'ar da nake aikin sakatariya, babu mai shiga kwamfuta sai sunansa na cikin kundin na'ura. Kundin ne ke tantance ko kai wane ne, ya karɓi kalmar sirrinka, sannan ya buɗe maka. Mai kula da shi muna ce masa Mai Makulli.

Da buga takardu ya fara. Aka tura shi kwas na ɗan lokaci, ya dawo da kati rataye a wuya da tafiyar ƙasaita. Ofishinsa ɗan ƙuƙut ne a ƙarshen baranda, amma shi kaɗai ke da na'urar sanyaya ɗaki. Wai don injuna aka sa, sai dai kujerarsa take kallo. Ban taɓa ganin mutum mai jin kansa a kan abin da bai taka kara ya karya ba irinsa.

Abin alfaharinsa shara. Duk ƙarshen zango sai ya bi kundin, in ya ga biyu da ranar haihuwa ɗaya, sunan uba ɗaya, lambar waya ɗaya, sai ya goge guda. Bai taɓa ɗaga waya ya tambaya ba.

Haka ya goge ƙaramar tagwayen yayata, ana gab da rufe rajistar jarrabawar ƙarshe. Wanda bai shiga ba, ya maimaita shekara.

Na kai masa su har ofis, na tsayar da su a gabansa.

"Malam, ga su nan. Mutum biyu ne."

Ko ɗago kai bai yi ba. "Na'ura ta ce ɗaya ce, Hajiya."

"Kai ka gaya wa na'urar."

"Maido da wanda aka goge sai kwamiti ya zauna, sai wata mai zuwa. Gurbi ɗaya ne. Su daidaita tsakaninsu, in sa hoton wadda za ta rubuta."

Raina ya ɓaci. Babbar ce ta matsa gaban tebur, ta zare katinta daga wuya ta ajiye masa.

"Sa hotonta," in ji ta, tana nuna ƙaramar.

Ƙaramar ta riƙe mata hannu tana kuka. Shi kuwa ya danna abin da zai danna, ya ce mu ja masa ƙofa, sanyi na fita.