Kaset Ɗin da Na Kai Khaddamari

Ni dai ban taɓa ba kowa aron kaset ɗin nan ba. Ko maigidana ya san iyakarsa. Shi ɗaya tal ya rage mini na wata mawaƙiya da ta yi tashe a Maiduguri, wato Yerwa, lokacin da muke 'yan mata a unguwar Hausari.

Yaran yanzu ba za su gane ba. Ita ba ta taɓa shiga ɗakin ɗaukar waƙa ba. Gidan biki take zuwa ranar lalle, bayan la'asar, ta zauna a kan darduma da lafayarta, makaɗa a gefe. Sai wani mai rikoda ya dire ta a gabanta ya danna. Washegari kaset ya isa Kasuwar Litinin, masu kwafa su yi ta zuba shi a wasu. Shi ya sa in kana saurare za ka ji guɗa, ka ji kukan jariri, ka ji wata tana cigiyar takalminta. Mu duk a cikin waƙar muke lissafa su.

Muryar kuwa, wayyo Allah! Ba irin siririyar nan ba ce da ake matsowa ta hanci. Murya ce mai kauri, da 'yar dusashewa a ƙasanta, kamar ta wadda ta tashi daga barci ba ta yi magana da kowa ba tukuna. Za ta ɗauko baiti da Hausa, Hausarta ta Barebari da muke kwaikwaya muna dariya don mu iyayenmu Kanawa ne, sai ta zarce da Barbarci ko numfashi ba ta ja ba. Rabin abin da take faɗa ban sani ba a lokacin, amma ina wanke-wanke sai in ga hannuna ya tsaya cak a cikin ruwa. Babanmu tela ne, kullum faɗarsa kiɗa shashanci ne. Na sha kama ƙafarsa tana taka keken ɗinki daidai da gangarta, yana wani haɗe rai.

Daga baya ta je aikin hajji, ta dawo ta ajiye waƙa. Kaset-kaset ɗinta suka bi ta a hankali: wani rediyo ya tauna, wani aka ara ba a dawo da shi ba. Nawa ma ya taɓa tsinkewa, na haɗe shi da jan farce. Tun daga nan ba na mayar da shi baya da rediyo, sai dai in zura biro in juya a hankali.

Bara wata maƙwabciyata mai sayar da turaren wuta ta shigo da labari. Wai matar tana nan da ranta a garin Khaddamari, a gidan ɗanta, kuma tana aike duk mai kaset ɗinta ya taimaka ya kai mata.

"Ƙona su take yi," in ji maƙwabciyar. "An ce ba ta so a riƙa jin muryarta bayan ranta."

Na ce to ta ƙona na waɗanda suka kai, ni kam ina! Amma abin ya hana ni sukuni. Muryar tata ce, ba tawa ba. Maigidan ya ce in kara waya a bakin rediyo in ɗauka kafin in kai. Na ce ai wannan ha'inci ne, ko in kai gaba ɗaya ko in zauna. Na yi ta jan ƙafa har na gaji da kaina. Ranar wata Asabar na sa kaset da rediyon a jaka, na tari keke, zuciyata kamar ta mai zuwa gaisuwar mutuwa.

Na same ta a inuwar darbejiya a tsakar gida, 'yar tsohuwa ƙarama, da carbi a hannu. Wallahi da a kasuwa ne sai in wuce ta. Na durƙusa na gaishe ta da Barbarci na ce, "Wushe, Hajja." Da ta amsa sai tsigar jikina ta tashi. Muryar tana nan, ta tsufa ne kawai.

"Na kawo, Hajja. Amma don Allah a bar ni in ji shi sau ɗaya kafin a sa masa wuta."

Ta yi dariya har da tari. "Wuta kuma? Mutanen Yerwa da ƙirƙirar zance! Kunna, 'yata."

Na kunna. Ganga ta tashi, muryarta ta cika gidan. Ni hawaye nake yi, ita ko a jikinta, tana jan carbinta kamar wata ce ke waƙar. Sai da ta kai ƙarshen baiti 'yan amshi suka karɓa, sannan carbin ya tsaya. Ta ɗaga hannu.

"Mayar baya."

Na fara laluben biro a jaka. Ta ce, "Yi sauri, 'yata." Na rufe ido na danna madannin mayarwa, ina jin zaren yana gudu ta wajen ɗaurin jan farcen.

"Kin ji wannan ta sama, mai riga sauran shiga? Ƙanwata ce. Ita ke riƙe mini amshi tun muna yara. A wajen haihuwa ta rasu, ko hoto ba ta bari ba. Duk kaset-kaset ɗin da aka kawo mini na bayan rasuwarta ne, sai wannan."

Na kasa kunne. Ga ta nan kuwa, siririyar murya mai zaƙi, tana faɗowa kafin kowa. Shekara da shekaru ina jin kaset ɗin nan, ban taɓa lura da ita ba.

"Hajja, zaren ya yi laushi. In aka cika mayarwa zai tsinke."

"Na sani," ta ce. "Sake."

Na sake. Muka yi ta sakewa har aka kira la'asar. Da na tashi tafiya na tura rediyon kusa da gwiwarta, na kama yatsanta na ɗora a kan madannin mayarwa, don idonta ba ya gani sosai. Ina bakin ƙofa ina sa takalmi na ji ta danna.