Shuɗin Kwanon Goggo Verna

A unguwarmu ta gefen Houston, in ka hango Goggo Verna Tackett, yayar babana, cikin baƙar rigarta, rungume da shuɗin kwanon kaza da dankali, ba sai ka tambaya ba, an yi rasuwa. Al'adarmu ce a kai abinci gidan makoki, amma ita abin ya zame mata jiki. Ba ɗa ba jika, miji ya daɗe da rasuwa, kwanon nan shi ne mutuncinta a coci. Ko fasto ba ya riga ta isa.

Shekarar da kumbon su Wendell Harlan, maƙwabcinmu ɗan sama jannati, ya lalace a hanyar wata, unguwa ta yi tsit. Iskar shaƙarsu na ƙarewa. Matarsa Joyce ta tare gaban 'yar rediyon da ma'aikatarsu ta kafa mata, mu kuma muna kai mata gahawa cikin kayan zaman gida, ba mai ambaton mutuwa.

Goggo kuwa ta ji wani sarkin surutu a talabijin ya ce da wuya su dawo. Shi ke nan ta ɗora tukunya, wai kada wata ta riga ta.

Ina falon Joyce aka ƙwanƙwasa. Joyce ta buɗe, ta ga baƙar riga, ta ga kwano, sai ta sulale a bakin ƙofa tana tambayar yaushe aka sanar. A daidai nan muryar Wendell ta fito daga rediyon, yana ƙorafin sanyi.

Joyce ta ɗago kai. "Goggo, ga mijina nan yana magana. Ba ki ji ba?"

Wallahi na ji kunya kamar in nutse. Goggo ta dire kwanon a dakali ta juya.

Su Wendell sun dawo da ransu. Ana ta shagali, Goggo tana ɗaki ta saki labule. Daga ranar ba ta sake taka gidan makoki ba, sai dai ta dafa ta ba ni in kai, wai kada in faɗi daga ina, alhali kowa ya san hannunta.

Kwanon bai dawo ba, ita ma ba ta da idon aikawa a karɓo. Ranar da Goggo ta rasu, Joyce ce ta fara ƙwanƙwasa mana ƙofa, da baƙar riga, da shuɗin kwanon nan cike taf.

Ta miƙo mini ta ce, "Ni sai da na jira likita ya tabbatar."