Wasiƙar da Kawu Ishaya Ya Ba Ni

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Kawu Ishaya, ƙanen mahaifiyata. Yana cikin 'yan ƙwallon farko na kwalejin horon malamai da ya yi, zamanin da ake bugawa ba takalmi. Da ya dawo Zuru yana koyarwa, sai ya zama koci. Kowace asuba yakan kora samari su hau dutse da gudu, shi yana biye da usur a baki.

Gudun nan ya kai da yawansu aikin soja, domin in aka zo ɗiba, yaran Kawu ba sa faɗuwa. Yana alfahari da haka. Wanda ya fi so shi ne Manu, golansa, maraya, wanda Kawu da kansa ya raka tasha ranar tafiya.

A shekararsa ta ƙarshe ciwon suga ya cinye masa ido. Wata rana aka kawo wasiƙa daga barikin su Manu, wanda ya karɓa ya ce rubutun bayanta ba na Manu ba ne. Gidan cike yake da masu ilimi, amma ni ya kira.

"Audu, zo ka karanta mini."

"Kawu, ka san fa ni..."

"Ka ji raggo! Karanta dai."

Na buɗe, na zuba wa takardar ido, na ce Manu yana gaisuwa, yana lafiya, har yana tsaron gida a ƙungiyar bariki. Kawu ya gyaɗa kai, ya ce in riƙe ta a wurina.

Bara na shiga ajin yaƙi da jahilci. A watan jiya na ɗauko wasiƙar, na bi ta baƙi bayan baƙi. Abokin aikin Manu ne ya rubuto da Hausa. An yi musu kwanton ɓauna, an kashe Manu, an binne shi a can.

Yau rabin filin ƙwallon Kawu rumfuna ne na waɗanda suka gudo daga ƙauyukan Sakaba. Samari na nan suna gudun asuba, suna jiran ɗiba. Ban sani ba, da yana raye, ko zai sake hura musu usur.

Na daɗe ina ganin na yaudari makaho. Yanzu na gane. Malami ne, ya san irin wasiƙar da ke zuwa daga bariki ba da hannun mai ita ba. Ya laluba gidan duka, ya zaɓi mutum ɗaya da ba zai iya faɗa masa ba.